Abin Da Ya Tsuke A Tafin Mitsuho

Wani dare Mitsuho ta ji ƙara a bayan katangarsu, ƙurus, ƙurus, kamar ɓera na gwaguyar ƙashi. Ta ɗauki tsintsiya ta leƙa. Ashe sabon ɗan haya ne, Tatsuhiko, ɗalibin jami'a, yake niƙa baƙin gari a ɗan turmi, hancinsa duk baƙi.

"Magani ne ko tsafi?"

"Ƙarfen manganis ne da aka gasa cikin iskar naitirojin. In ya ji ɗumi tsukewa yake yi."

"Kai dai je ka wanke fuska."

Tun ranar take kiransa Gawayi. Shi kuma yana kiranta Ƙanƙara, don hannunta kullum a sandare yake da sanyi.

"Gawayi, ka ci abinci, ko garinka ka lasa?" ta rubuta masa.

"Ƙanƙarata, tun da kika leƙo ban sake auna komai daidai ba."

Mahaifinta, Kanemoto, shekara arba'in ya yi yana ƙera ma'aunai a garin Okazaki, masu allurar da ke motsi kan abin da bai kai kaurin gashi ba. Shunzo yake so ta aura, ɗan abokin sana'arsa. Da Tatsuhiko ya zo neman aure cikin hunturu, tsohon, da ya riga ya ji labarin garin nan mai tsukewa, ya ce, "Yaro, duk abin da ya ji zafi buɗewa yake yi. Nuna mini naka."

Tatsuhiko ya miƙa wata baƙar ƙwaya kamar maɓalli da ya yi da garin. Aka auna ta. Kafin ya yi bayani, Shunzo da ke wurin ya kama ta da awartaki ya kara a wuta har ta yi zau. Aka sake aunawa, ta ƙaru.

"Ba na ba maƙaryaci 'yata," in ji Kanemoto.

Mitsuho ba ta kare shi ba. Tatsuhiko ya ɗauka ta bi bayansu, ya yi kwana tara bai neme ta ba. Sai ta rubuta masa.

"Gawayi, tsoro ne ya kama bakina. Ƙarya ka yi mana?"

"A'a. Akwai ƙananan maganaɗisu a cikinsa. Cikin sanyi suna jere a layi, suna tokare shi. Ɗumi kaɗan ke wargaza layin, sai ya tsuke. Wuta ta wuce wurin da nisa. Ɗumin jiki yake so."

Ran Lahadi suka shigo shagon Kanemoto tare, maƙwabciyarsu tsohuwa Otoki na zaune da kofin shayi.

"Baba," in ji Mitsuho, "a sake aunawa. Sau ɗaya."

Ya auna ƙwayar da sanyinta. Mitsuho ta dunƙule ta a tafinta, ta jima, ta mayar. Allura ta ja baya layi biyu.

Kanemoto ya goge tabarau, ya sa aka maimaita har sau uku. Sai ya sunkuyar da kai gaban saurayin.

"Na zalunce ka, ɗana. Ƙwayar dai tawa ce yanzu."

Aka ɗaura aure da furanni suka buɗe. Tsohon ya sa musu albarka, hannunsa ɗaya cikin aljihu yana ɗumama ƙwayarsa.

Wajen liyafa Otoki ta ajiye kofi.

"Ni fa abu ɗaya ke damuna. Yarinyar nan da hannunta ke daskarar da shayi, ina ta samo ɗumi ranar?"

Ango ya duƙufa kan shinkafarsa. Amarya ta ɓoye hannun da ya riƙe mata duk tsawon hanya ran Lahadin nan cikin hannun riga.