Ayisin da Ba Shi da Lamba

Da yamma liƙis Babba ya rufe shagonsu na gyaran rediyo, ya nufi layin masu kayan lantarki. Na'urar awo yake haɗawa a ɓoye, irin mai allon nan da ke zana motsin wuta. Abu ɗaya ya rage masa, ayisi, ɗan mitsitsin abin nan mai ƙafafun ƙarfe da ke mai da motsin wutar ya zama lambobi don allon ya gane.

Ƙanensa Auta ya riga shi haɗa irinta da tarkacen talabijin. Tun daga ranar, duk wanda ya leƙo shagon sai ya ce, "Ina ƙaramin?" Alhali Babba ne ya koya wa yaron nan riƙe ƙarfen dalma. Kishi yake yi, har abinci ya daina yi masa daɗi, kuma kowa ya lura ban da Auta.

Duk shagunan sun rufe sai guda a ƙarshen layi. Warin ƙonanniyar roba ya tare shi. Wani tsoho na zaune cikin duhu.

"Akwai ayisi mai sauri, amma zanensa kamar matakala," in ji tsohon ƙasa-ƙasa. "Akwai mai zane sumul, amma nawa gare shi. Wanne kake so?"

"Wanda ya fi na ƙanena."

Bai san sanda maganar ta fita ba. Tsohon ya miƙo masa wani baƙi, sanyi ƙarara, ba lamba a bayansa. Babba ya yi gaba, ya waiwayo zai yi godiya. Ƙofar na garƙame da kwaɗo mai tsatsa.

Da mai hankali ne, da ya yar da shi. Shi kuwa ya koma shago ya liƙa shi. Hayaƙin dalmar ya tashi da ƙaurin gashi. Allon ya kama, koren layi ya miƙe.

Sai ga Auta ya dawo ɗaukar wayarsa.

"Kai, Yaya! Ashe ɓoye mini kake yi? Wallahi ta fi tawa kyau!"

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Kamar yadda kowane mai gyara yake yi, ya ɗora yatsa a kan tsinken gwajin don ya ga layin ya girgiza.

Layin bai girgiza ba. Bugawa ya fara yi, sama, ƙasa, kamar zuciya.

"Yaya, yatsana ya ƙi ɗaguwa."

Babba ya murɗa abin rage tsayin layin. Layin ya ragu. Auta ya durƙushe, numfashinsa na fita da ƙyar.

Nan Babba ya gane abin da ke hannunsa: ran ƙanensa ne.

Akwatin na'urar ba shi da lasifika, amma murya ta fito daga ciki.

"Saura kaɗan. Shagon ya zama naka."

Bai murɗa ba. Bai kuma janye hannun ba.

Muryoyi suka cika shagon, na maza da na mata. "Ina ƙaramin? Ina ƙaramin?"

Layin ya kusa kwanciya.

"Yaya…"

Haka Auta ya kira shi ranar da dalma ta fara ƙona shi yana yaro.

Babba ya wawuri filaya ya finciko ayisin. Wani abu ya ƙwalla ƙara. Zafi ya ratsa hannunsa har kafaɗa. Allon ya mutu.

Auta ya warke sarai. Hannun Babba ne bai daina rawa ba, ko ƙaramar waya ba ya iya liƙawa. Yanzu shi ke zama bakin ƙofa, in an ce ina ƙaramin, ya nuna ciki.

Auta kuwa ba wanda bai ba labari ba. "Yayana ko tsayawa tunani bai yi ba," yake cewa.

Duk sanda ya faɗa, Babba sai ya sunkuyar da kai ya dubi hannunsa.