Shafin da Kawu Radko Ya Kasa Gani

A garinmu Gabrovo akwai wata yarinya 'yar aji shida, jikar maƙwabciyata Tsveta. Sunan yarinyar ya kwanta mini. To, bar shi, zai dawo.

Wata rana Malam Ganchev ya koya wa ajinsu girka saba a kwamfuta, wato manhajar da ke ajiye shafin intanet, ta nuna wa mai nema. Yarinyar ta girka, ta danna, alama ta zama koriya.

"Saura abu ɗaya," in ji malam. Ita kuwa tuni ta rataya jaka ta sulale.

A gida ta haɗa shafi da hotunan kakarta. Ta yi mata alkawari cewa ɗanta Radko, mai aiki a Hamburg, zai gan ta ranar bikin sunanta, wato bikin da muke yi wa mutum duk shekara a ranar da aka ware wa masu irin sunansa.

Ranar ta zo, falo ya cika. Yarinyar ta tura wa kawunta adireshin shafin, localhost. Sai ga kiransa.

"Ban ga komai ba."

"Haba Kawu, ga shi a gabana! Sa tabarau mana!"

"Tabarau na hancina, sarkin sani. Babu!"

"Kai Kawu! Sake rubutawa!"

Ya sake, ya kuma sake. Ta buga ƙafa a ƙasa. Banitsa, gurasarmu mai cuku, ta huce a faranti, ko miya ce ta huce? Na manta. Abin da ban manta ba, Tsveta na ta tambaya, "Ɗana ya gan ni?"

A wurinmu ba a gayyatar kowa bikin suna, zuwa kawai ake yi. Sai ga Malam Ganchev da furanni. Ya leƙa allon, ya dafe kai.

"Wayyo ni! Abin da kika gudu kika bari ke nan. Wannan adireshin cikin kwamfutar mai rubuta shi kawai yake dubawa. Kawunki ƙofar ɗakinsa yake ta bugawa, shafin kuwa yana nan wurinki."

Ta sunkuyar da kai. "A yi haƙuri, Malam. Kawu, laifina ne."

Malam ya ɗora shafin a sabar makaranta, ya tura sabon adireshi. Sai muryar Radko ta fito daga waya.

"Mama! Wannan tsohuwar akuyar da ke bayanki a hoto har yanzu tana nan?"

Tsveta ta yi dariya har da hawaye.

Yara, ku saurari darasi har ƙarshensa, kuma ku duba aikinku kafin ku ɗora wa wani laifi.