Takunkumin Toka

Akwai wani kuskure da na yi ina aji biyar. Har yau idan na tuna shi, sai in ji zuciyata ta yi nauyi.

Babana direban babbar mota ne. Yakan yi mako biyu, wani lokaci uku, bai kwana a gida ba. Mama kuwa tela ce. Shagonta a jikin gidanmu yake. Ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya kuma tana buɗewa cikin tsakar gida. Daga ni sai ita a gidan.

Shi ya sa Baba ya kawo mana Toka. Kare ne babba, mai faɗin ƙirji, launinsa kamar tokar murhu. Ba karen yawo ba ne. Wata shida ya yi a hannun mai horar da karnuka yana koyon aikin tsaro. Baba yakan tsokane ni, wai Toka ya fi ni jin magana, don shi sau ɗaya ake faɗa masa abu.

Ranar da aka kawo shi, mai horon ya zaunar da mu. Ya koya mana yadda ake ce wa Toka ya zauna, ya kwanta, ko ya zo. Daga ƙarshe ya ciro wani abu na fata mai igiyoyi, wanda ake rufe bakin kare da shi.

“Wannan takunkumi ne,” in ji shi. “Na fita ne kawai, idan za a kai shi allura ko za a bi da shi cikin mutane. A gida kada a sa masa. Karen tsaro da takunkumi kamar mai gadi ne da aka ɗaure wa hannu.”

Sai ya dube ni. “Auta, kin ji ko?”

Na ce na ji. Kuma lallai na ji. Mama ta rataye takunkumin a ƙusa bayan ƙofar kicin.

To, ni a lokacin ina da baki. A makaranta ba ni da zance sai na Toka. Na ce yana tsallake katanga. Na ce ni kaɗai yake jin maganata. Rabin abin da na faɗa gaskiya ne, rabi kuwa ƙari ne.

Akwai wata ƙawata da muke zama benci ɗaya, muna kiranta Tabarau. Ita ba ta yarda da abu sai ta gani. Ta ce idan da gaske nake, in bar ta ta shafa kan Toka. Na ce ta zo ranar Asabar.

Ta zo bayan azahar. Mama tana shago, ƙarar kekenta tana tashi. Da Tabarau ta ga Toka, sai ta manne a jikin bango. Duk ƙarfin halin nan nata ya gudu.

“Dubi haƙoransa,” in ji ta. “Ni fa ba zan taɓa shi ba.”

Ban so ta koma makaranta ta ce ƙarya nake yi. Sai na leƙa kicin. Takunkumin yana nan a rataye. Na ce a raina, minti biyar kawai, wa zai sani?

Na ce wa Toka ya zauna, ya zauna. Na zura masa takunkumin, na ja igiyar, na ɗaure. Bai yi gardama ba. Ya dai karkata kai yana kallona, don ya saba idan an sa masa, fita za a yi.

Tabarau ta shafa kansa da yatsa ɗaya, sannan da hannu duka. Muka yi ta dariya. Da za ta tafi, na ce bari in taka mata zuwa bakin titi. Daga bakin titi muka kai kwanar layinmu. Daga kwana muka tsaya kallon wasu yara masu tsallen igiya, har muka shiga aka yi da mu. Toka bai ko faɗo mini a rai ba.

Da na dawo, na hango mutane cike a ƙofar shagon Mama. Na kutsa cikinsu da gudu.

Mama tana durƙushe a ƙasa, ɗankwalinta ya zame. Toka yana kwance a gabanta, yana numfashi sama-sama. Ƙafarsa ta gaba ta karye, akwai jini a gefen kunnensa. Takunkumin yana nan a bakinsa, ɗaure yadda na ɗaure shi.

Kafintan da ke makwabtaka da mu ne ya yanke igiyar da almakashin Mama. Shi ne kuma ya nemo motar da ta kai mu wurin likitan dabbobi. A hanya Mama ta ba da labari.

Wasu mutum biyu ne suka shigo kamar masu kawo ɗinki. Da suka ga ita kaɗai ce, ɗaya ya murɗe mata hannu, ɗayan ya fara kwance kan keken ɗinki. Mama ta ƙwala wa Toka kira sau ɗaya. Ya shigo ta ƙofar tsakar gida, ya bangaje wanda ya riƙe ta, ya kai shi ƙasa. Sannan ya tsaya tsakaninta da su.

Da farko sun ja da baya. Amma da suka lura bakinsa a rufe yake, sai ɗayan ya ciro rodi. Ya buga, Toka bai matsa ba. Ya sake bugawa, Toka ya faɗi, ya tashi da ƙafa uku, ya koma gaban Mama. A haka makwabta suka ji hayaniya suka iso, ɓarayin suka gudu ba su ɗauki ko allura ba.

“Abin da ban gane ba,” in ji Mama, “wa ya sa masa takunkumi?”

Na sunkuyar da kai. Na bar ta tana ta zargin wasu.

Likitan ya daɗe a ciki. Da ya fito, ya ce ƙafa ta karye, haƙarƙari biyu sun tsage, kuma ya zubar da jini da yawa. Ya ce a bar shi a wurinsa. Idan ya ci abinci nan da kwana uku, to akwai rai. Idan bai ci ba, sai haƙuri.

Ranar Lahadi ban iya cin komai ba. Kwanon Toka yana nan a gindin famfo, babu wanda ya taɓa. Duk inda na juya sai na gan shi.

Ranar Litinin a aji, Malama ta kira ni sau biyu ban ji ba. Da aka fita hutun tara, ta tsayar da ni. Ta tambaye ni ko lafiya. Ina jin tambayar sai kuka ya ƙwace mini. Na faɗa mata komai.

Malama ba ta yi mini faɗa ba. Ta miƙo mini hankici, ta jira na yi shiru.

“Kuskure ɗaya kika yi ranar Asabar,” in ji ta. “Amma kowace rana da kika yi shiru, wani kike ƙarawa. Mamanki tana can tana zargin mutanen da ba su yi komai ba. Ki je ki faɗa mata yau.”

Da na koma gida, na tarar Baba ya dawo. Ya bar motarsa a hannun abokin aikinsa, ya biyo motar haya. Yana zaune a shago, yana juya yankakken takunkumin a hannunsa.

Na tsaya a bakin ƙofa, ban ko ajiye jaka ba.

“Baba, ni ce na sa masa. Don ƙawata ta taɓa shi. Sai na manta.”

Mama ta tsayar da keke. Da dukana Baba ya yi, da ya fi mini sauƙi a kan kallon da ya yi mini.

“An faɗa miki, Auta,” in ji shi a hankali.

“An faɗa mini, Baba.”

“Kin san da bakinsa a buɗe yake, da ko kusa da shi ba za su zo ba?”

Na gyaɗa kai, hawaye yana zuba. Mama ta jawo ni jikinta. Ta ce ta yafe, kuma ta ji daɗin da na faɗa da bakina. Baba ya ce shi ma ya yafe, amma akwai wanda ya fi su cancantar in je wurinsa. Ya ce in ɗauko kwanon.

Muka tarar da Toka kwance, an naɗe masa ƙafa da farin bandeji. Ya rame. Likitan ya ce tun ranar Asabar ko kallon abinci bai yi ba, ruwa ma da sirinji ake ba shi.

Tsoro ya kama ni. Na ɗauka idan ya gan ni zai kau da kai. Na durƙusa, na ce, “Toka, ka yi haƙuri. Ni ce na jawo maka.”

Ya buɗe ido. Jelarsa ta bugi ƙasa sau ɗaya, ta sake bugawa. Na ɗebo abinci a tafin hannuna, na kai kusa da bakinsa. Ya shinshina. Ya daɗe yana shinshinawa. Sannan ya lasa, ya ci, ya ɗago kai yana neman ƙari.

Likitan ya yi murmushi, ya ce wa Baba, “To, wannan zai tashi.”

Bayan mako biyu muka dawo da shi gida. Ni nake wanke masa ciwo, ni nake ba shi magani, ni nake tafiya da shi a hankali a tsakar gida har ƙafar ta yi ƙwari. Ya warke, ya koma kwanciyarsa a bakin ƙofar shagon Mama. Sai dai har ya tsufa yana ɗingishi, kuma ni na san dalili.

Abin da na koya shi ne, idan manya suka kafa doka, akwai dalili ko da ba mu gan shi ba. Kada mu karya ta don mu burge abokai, domin sau da yawa wanda bai yi laifin ba shi yake shan wahalar. Idan kuma mun yi kuskure, mu faɗi gaskiya da wuri.