Jan Baki a Cikin Takunkumi

"Na waye wannan?"

Na ɗaga takunkumin fuskar sama. Sabo ne, yanzu na yage ledarsa, amma daga ciki ga shatin leɓe nan, jan baki mai duhu da ya koɗe bai gama fita ba.

Ranar ce aka ba mu izinin buɗe shaguna bayan dokar kulle ta annoba. Na share shagon kwalliyata, na girka bokiti mai famfo da sabulu a ƙofa, na raba kujeru nesa da juna. Sharaɗin 'yan duba-gari shi ne ba mai shiga shago sai da takunkumi, kuma Dokta ya sauƙaƙa wa layinmu, ya aika wa kowane shago kwali guda kyauta.

Dokta ba likita ba ne. Kemis yake da shi a ƙarshen layi, mutane suka laƙa masa sunan, shi kuma bai ƙi ba. Shi ne wanda zan aura.

Mai Turare, maƙwabciyar shagona, ta leƙo ta karɓa da 'yan yatsu biyu. Ta daɗe tana sonsa, kowa a layin ya sani.

"Ikon Allah! Auta, ai saƙo aka aiko miki."

"Wane irin saƙo?"

"Ni dai ba ruwana... amma duk kwanakin kullen nan, da rana tsaka, akwai wata mai dogon hijabi da ke shiga sitonsa ta ƙofar baya. Sai la'asar take fita."

"Ƙarya kike yi!"

"Allah ya sa. Ni tausayinki nake ji, wallahi."

Tana faɗa idonta yana dariya.

Na koma ciki zuciyata na tafasa. Tun farko Umma ba ta so shi ba, ta ce idonsa ya cika yawo a kan kayan mutane. Na yi kuka, na daina cin abinci, har ta gaji ta ce, "Ke za ki zauna da shi, ba ni ba." Da safen nan ma sai da na ɗaura mata takunkumi daga kwalinsa kafin ta tafi asibiti karɓar maganin asmarta, ina mata tsiya. "Kin ga amfanin surukin da kika ƙi, Umma?"

Ban iya yi wa kowa kwalliya ba. Wata ta zo gyaran gira na kusa aske mata rabi.

Rana na take tsaka na rufe shago, na bi ta lungun baya.

A ƙofar siton na ga takalmin mace.

Ban yi sallama ba, na tura.

Warin ne ya fara marina. Warin bilic, da na ruɓaɓɓen shara, da wani ƙarni irin na yawun da ya kwana.

Manyan robobi ne jere a ƙasa, cike da ruwa mai launin toka, takunkumai suna iyo a ciki. A gefe buhuna ne a buɗe, shaƙe da waɗanda aka tsinto, wasu da sawun takalmi a kansu, wasu da busasshiyar majina, ɗaya har da cingam a manne. An ja igiya daga bango zuwa bango an shanya wankakku. A kan tebur ga dutsen guga, ga injin liƙe leda.

Mai dogon hijabin tana durƙushe tana cuɗa.

Ta ɗago.

Mahaifiyarsa ce.

"Mama...?"

Na dafa bango na yi amai a bakin ƙofar, har sai da idona ya kawo ruwa.

"Ke wa ya ba ki izinin shigowa?" ta ce, tana yarfe hannu. "Tun ba a kai ki ba kin fara bincike?"

Sai ga Dokta ya shigo daga cikin kemis, da farar rigarsa mai guga. Da ya gan ni ya tsaya cak.

"Auta... Zuciyata, tsaya ki ji."

"Daga ina?"

"Bari in miki bayani..."

"Daga ina kuke tsinto su?"

Ya sunkuyar da kai. "Tasha. Bakin kasuwa. Wani lokaci... bayan asibiti."

"Bayan asibiti!"

"Ana jiƙa su a bilic! Ana gugewa da wuta! Wace ƙwayar cuta ce za ta rayu?"

"Jan bakin wata ma ya rayu, Dokta."

Ya matso, na ja baya.

"Ƙalbina, kin san abin da kullen nan ya yi min? Magunguna sun lalace a kan kanta ina kallo. Gidan da za mu zauna ko taga ba a sa ba. Don wa nake yi? Don ke!"

"Kar ka sa sunana a cikin ruwan nan."

"Ni na ba layinku kyauta!"

"Don su saba, gobe su dawo su saya."

Bai musa ba.

Abin mamaki, duk hanyar da na biyo ina addu'ar kar in tarar da budurwa. Yanzu ga ni tsaye ina cewa a raina, da ma budurwar ce. Da na yi kuka, na yi fushi, ya lallashe ni, ya wuce.

"Umma na asibiti yanzu haka," na ce, "da abin da ka tsinto a bola a kan hancinta. Ni na ɗaura mata da hannuna."

Mama ta miƙe tana gyara hijabi. "To ta mutu ne? Ke yarinya, saurara. Gidan miji ba a shigarsa da sakakken baki. Tunda kin iya ɗaura wa mutane takunkumi, sai ki ɗaura wa bakinki. Matar kirki rufa wa mijinta asiri take yi."

Na juya na dube shi.

"Dokta, ka fita yanzu ka bi shaguna, ka ce kowa ya cire. Da bakinka. In ka yi haka zan tsaya a gefenka, ko zaginka za su yi su haɗa da ni."

"Duba-gari za su rufe min kemis."

"Na sani."

Ya daɗe yana kallon igiyar shanya. Sannan ya sassauta murya, irin muryar da yake kirana da ita a waya.

"Masoyiya... bari waɗanda aka riga aka liƙe su ƙare. Daga su na daina, na rantse."

Na tsallake amaina na fita.

Umma na fara kira. "Ki cire shi! Ki yar! Kar ki tambaye ni, ki rufe hancinki da gyalenki!"

Daga nan na shiga shagon Baba Tela da ke layinmu. Ya saurare ni har na gama, ya zare takunkumin a hankali, ya dube shi, ya tofar da yawu.

"Tun safe nake jin warin nan, na ɗauka bakina ne."

Mai Aski ya fito da aska a hannu yana ashar. Mai gyaran waya ya juye kwalinsa a tsakiyar titi. Mai Turare kuwa, da ta ji ko wace ce mai hijabin, ta ruga bayan shago tana kakari, ta kusa ƙarar da kwalbar turare a fuskarta.

Kafin la'asar duba-gari sun garƙame kemis ɗin.

Washegari Mama ta aiko a gaya wa Umma sun fasa, ba za su ɗauki mai tona asiri ba. Na zaci Umma za ta ce ai ta faɗa min. Ba ta ce ba. Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, na yi kukan har na gaji.

Don ina sonsa. Wannan bai fita da amai ba.

Bayan an kwana biyu layinmu ya dawo daidai. Baba Tela ya shiga ɗinka na yadi, kowa ya wanke abinsa da kansa. Wata rana da hantsi ina jera kayan aiki na ji sallamar Dokta.

Ya rame. Babu farar rigar.

"Na ƙone su duka, Auta. Na je na ba Umma haƙuri. Mama ma na gaya mata ko ta yarda ko ba ta yarda ba, ke nake so."

Ƙirjina ya buga kamar ranar farko.

"Na kawo miki wannan."

Gyale ne a cikin leda, ruwan hoda, kalar da ya san ina so. Na karɓa. Wallahi da niyyar yafewa na karɓa.

Ban san lokacin da na juya ledar ina duba bakin liƙin ba. Na yage, na kai gyalen hancina na shinshina.

Da na ɗago, idonsa na kaina.

"Sabo ne," ya ce a hankali.

"Na sani."

"Amma sai da kika duba."

"Sai da na duba."

Na hango kaina a gidansa, ina shinshina kofin da ya miƙo min, da maganin da zai ba ɗana, da kowace magana mai daɗi da za ta fito daga bakinsa.

"Zai wuce, Zuciyata. Da lokaci..."

"Wataƙila. Amma ba zan aure ka ina jira ya wuce ba."

Na ninke gyalen na miƙa masa. Ya daɗe bai karɓa ba, ni kuma ban sauke hannuna ba, har sai da ya karɓa.