A Wajen Jar Ƙofa

Yawon buɗe ido ya kawo Shunpei wani wurin bauta na bakin teku, shi ɗan cikin duwatsun Nagano. Bai ko kai ga wanke hannun da ake yi kafin shiga ba ya hangi wata yarinya tsaye a wajen jar ƙofar wurin, iska na watsa mata gashi. Ta roƙe shi, in ya shiga, ya kaɗa mata ƙararrawar addu'a ya nema wa mahaifiyarta sauƙi. Shi kuwa da shegen surutu, ya tambaye ta ko ƙafarta ce ke ciwo.

"Mai makoki ba ya ƙetare wannan ƙofa," ta ce.

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sunanta Fumino. Yayanta Tatsuro ya fita kamun kifi, jirgin ya dawo, shi bai dawo ba, ko gawa ba a gani ba. Uwar ta ce atafau ɗanta na raye, ta hana jana'iza, kullum safiya tana cikin wurin bautar tana roƙon teku ta maido mata shi. Fumino ce kaɗai ke masa makoki, a ɓoye.

Mai niyyar kwana ɗaya sai ga shi kowane hutu yana garin. Tana ce masa ɗan dutse, yana ce mata tsuntsuwar tekuna. Amma da ya durƙusa gaban uwar neman aure, ta ce ba biki a gidanta sai Tatsuro ya dawo.

Shekaru suka yi ta tafiya. Iyayensa suka gaji, suka samo masa 'yar maƙwabta. Sai ga saƙon Fumino a waya:

"Ɗan dutse, ka je ka yi aurenka. Teku ba ta mayar da abin da ta haɗiye, Mama kuma ba za ta daina jira ba. Ina son ka, shi ya sa nake korar ka."

Amsarsa gajera ce: "Tsuntsuwata, in jira ne, mu yi shi mu uku."

Ya ajiye aikinsa, ya koma ɗaukar kifi a kasuwar bakin ruwa, mutumin da ƙarni ke sa shi amai. Kullum shi ke raka tsohuwa wurin bauta, bai taɓa ce mata ta haƙura ba. Wata safiya mai sanyi ta dubi jiƙaƙƙen takalminsa, ta dubi 'yarta da duk ta rame, ta koma ɗaki ta ɗauko takalman robar Tatsuro, waɗanda ko ƙura ba ta yarda wani ya kaɗe ba. Ta miƙa masa, ta ce a sa rana.

Ranar biki amarya cikin fararen kaya, masu sarewa a gaba, aka iso jar ƙofa. Fumino ta daɗe da gama nata makokin, ta ƙetare. Da ta waiwaya sai ta ga uwar ta ja ta tsaya.

"Mama, taho mana."

Tsohuwa ta girgiza kai, hawaye na zuba.

"Ku shiga, 'ya'yana. Ku tsufa tare, kada teku ta taɓa raba ku. Ni yau na fara makokin ɗana."

Aka ɗaura auren a ciki, ango da amarya suna kurɓar kofi ɗaya bisa al'ada suna kuka, ita kuwa tana tsaye a waje, a daidai inda 'yarta ta saba tsayawa.