Kafin Ruwan Tamban Ya Dawo

"Wa ya gayyato shi nan?"

Marlina ta tsaya da kofin shayi a hannu, ta kasa ajiyewa. Mahaifiyarta Hasnah na tsaye a barandar ɗan gidan katakon da suke kamawa a bakin teku duk hutun ƙaramar Sallah, idonta ƙur a kan saurayin da ke can ƙarƙashin bishiyar kwakwa, ya rungume hular babur a ƙirji.

"Ni ce, Mak," in ji Marlina, da sunan da take kiran mahaifiyarta.

"Ke?"

"Ni na ce ya zo. Yana so ya gaishe ki... yana da magana."

"Maganarsa ya gama yi min ita shekara takwas da suka wuce! Ki ce masa ya hau babur ɗinsa ya koma garin Kuantan tun ban ɗaga murya ba."

"Mak, aurena yake so ya yi."

Hasnah ta juyo a hankali, ta dubi 'yarta kamar yau ta fara ganinta.

"Wanda ya shiga teku da ɗana ya fito shi kaɗai?"

Ta shige ɗaki ta turo ƙofar.

Marlina na da shekara goma sha bakwai ranar da abin ya faru. Tsibirin Tamban na can gabansu, ana hango shi daga baranda. In teku ta janye da safe, sai rairayi ya buɗe fari fes, faɗinsa ya fi ƙarfin ido, mutum ya taka da ƙafa har tsibirin. In ruwa ya tashi dawowa kuwa, ba ya jiran kowa. A nan yayanta Hairul ya tafi, ɗan farin gidan, wanda duk suke kira Along. Masunta sun yi kwana biyar suna nema, ko gawarsa ba a gani ba. Abokinsa Rizuan ne kawai ya fito, ya durƙusa a gaban Hasnah jikinsa na ɗigar ruwa, ya ce shi ya ja Hairul su yi tsere zuwa tsibirin.

Tun daga ranar ba ta sake ambaton sunansa ba, sai dai "yaron nan".

Marlina ta sauka daga baranda ta nufi bishiyar kwakwa. Shekara biyu ke nan da suka sake haɗuwa da Rizuan, ranar da ya shigo kantin maganin da take aiki yana neman maganin barci. Da ya ɗago ya ga ita ce, ya manta abin da ya zo saya.

"Na ji komai," in ji Rizuan. "Muryar Mak Cik ba ta tsufa ba." Haka yake kiran Hasnah, kamar a ce Gwaggo.

"Kada ka yi wasa, Abang." Haka take kiransa, wato Yaya.

"In ban yi wasa ba kuka zan yi, kuma ga mutane."

"Yau zan gaya mata."

Murmushin ya ɓace daga fuskarsa.

"A'a, Lina. Mun yi magana a kan wannan."

"Kai ka yi magana, ni na yi shiru."

"Ta rasa ɗa ɗaya. Ke kaɗai kika rage mata. In dole sai ta tsani wani, gara ni, na riga na saba."

"Ni ban saba ba!" in ji ta. "Kullum in ta idar da salla ina jin ta ta bango tana kai ƙararka wurin Allah. Kullum, Abang! Ni kuma ina kwance na toshe baki da matashi..."

"Rabin raina, saurare ni..."

"Ga ta nan ta fito."

Hasnah ta sauko da kwandonta, ta wuce su ba ta ko waiga ba. A cikin kwandon akwai shinkafa mai madarar kwakwa da kifi, an naɗe a ganyen ayaba, ƙulli uku. Duk shekara uku take saya, alhali su biyu ne.

Marlina ta bi bayanta. Rizuan ya rako su har inda busasshen yashi ya ƙare, ya tsaya cak. Shekara takwas bai sake taka jiƙaƙƙen rairayin teku ba.

Rana ta ɗaga. Yara na gudu suna bin ƙananan kaguwa, wasu iyalai sun baza tabarmi suna ɗaukar hoto. Da suka yi nisa sai hayaniyar ta mutu, ba abin da ake ji sai takunsu. Zafi ya sa sararin gabansu na rawa. Can nesa Marlina ta hango wani dogo yana tafe shi kaɗai, kafaɗarsa ta hagu a ɗan karkace, yana wurga ƙafa irin yadda...

Tsikar jikinta ta tashi.

"Ke ma kin gan shi?" in ji Hasnah, murya ƙasa ƙasa.

"Mai kamun kaguwa ne, Mak."

"Na sani. Kowace shekara mai kamun kaguwa ne."

Suka isa tsibirin, suka zauna a inuwar wani dutse. Hasnah ta kwance ƙulli ɗaya ta ajiye a gefenta, inda babu kowa, ta gyara masa zama. Sannan ta miƙa wa 'yarta nata.

Marlina ba ta karɓa ba.

"Mak, ba tsere suka yi ba."

Hannun Hasnah ya tsaya a sama.

"Kin tuna takalmin da kika saya min na Sallar shekarar? Mai ruwan zinariya? A nan na cire shi, a bayan dutsen nan. Sai da muka koma bakin gaɓa na tuna. Kina cikin ɗaki kina salla. Na fashe da kuka na ce za ki yi min faɗa. Along ya ce in yi shiru, yanzu zai ɗauko min. Rizuan ya hana shi, ya ce ruwa ya juyo... ni na ce masa matsoraci, Mak. Na ce ina ruwansa. Da Along ya ruga, shi ne Rizuan ya bi shi don ya dawo da shi."

Hawaye na zuba har cikin bakinta.

"Da Rizuan ya fito ya gan ni ina birgima a yashi, sai ya zo gabanki ya ce shi ne. Ni kuma na bar shi ya faɗa. Ni na kashe Along... saboda takalmi!"

Hasnah ta janye hannunta. Ta ajiye ƙullin, ta zuba wa teku ido. Marlina ta kira ta, ta kama gefen zanenta, ta roƙe ta ko duka ne ta yi mata. Shiru. Haka suka zauna har inuwar dutsen ta koma ɗaya gefen, masu yawon hutu suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Sai da Marlina ta ji wani sauti kamar ana jan tabarma a ƙasa sannan ta ɗaga kai. Rairayin ya fara sheƙi.

"Mak, ruwa! Tashi mu tafi!"

Hasnah ta miƙe ta kama hanya, ta bar kwandon a nan. Da fari ruwan iya tafin ƙafa yake, mai ɗumi. Kafin su kai rabin hanya ya kai ƙwauri. A tsakiya akwai wani kwari inda ruwa ke fara cika, yana gudu a karkace kamar kogi. Suna shiga ya kai musu gwiwa.

A nan Hasnah ta tsaya.

"Mak, don Allah taho!"

"Nan ne ko?"

"Mak!"

"Na ce nan ne?"

"Ban sani ba, ban gani ba... Mak, ruwa na ƙaruwa!"

Ta ja hannunta, amma kamar an dasa ta. Yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Marlina ta juya wajen gaɓa ta buɗe baki za ta yi ihu, sai ta ga wani ya riga ya taho a guje, ruwa na fantsama ta ko'ina. Ya faɗi, ya tashi, ya ci gaba.

Rizuan ya iso yana haki, fuskarsa ba jini.

"Mak Cik, mu tafi. Ki zage ni a can bakin gaɓa, duk abin da kike so, amma mu bar nan."

"Nuna min wurin."

Ya dubi Marlina. Ta gyaɗa masa kai tana kuka. Ya ɗaga hannu ya nuna wani wuri kaɗan daga damansu, inda ruwan ya fi duhu.

"Can."

"Ya kira ni?"

"A'a, Mak Cik. Dariya yake yi." Ya share ruwan fuskarsa. "Ya ɗaga takalmin sama kada ya jiƙe, yana cewa sai Lina ta saya masa ruwan kwakwa biyu kafin ya ba ta. Sai ƙafarsa ta zurma. Na cafko rigarsa, wallahi na riƙe da duk ƙarfina... rigar ce ta tsaya a hannuna."

Hasnah ta rufe ido. Ruwa ya kai mata cinya, zanenta na yawo a kai.

"Dariya yake yi," ta maimaita a hankali.

Sai ta buɗe ido ta ɗaga hannu ta ɗaɗa masa duka a ƙirji, ta sake, ta sake.

"Wa ya sa ka? Wa ya ba ka izini? Shekara takwas ka bar ni ina sa goshina a ƙasa ina kai ƙarar wanda bai yi min komai ba! Da wane ido zan tsaya gaban Allah?"

"Na yafe, Mak Cik, tun ranar na yafe. Hau bayana."

Ya juya ya rusuna. Ta ɗora hannuwanta a kafaɗunsa. Ya goya ta, ya miƙa wa Marlina gefen rigarsa.

"Riƙe da kyau. In kin saki, ni ma na saki."

Suka ci gaba da ratsa ruwan har ƙafafunsu suka taka busasshen yashi. Rizuan ya sauke ta ya zube a ƙasa yana amai. Da suka waiga, hanyar ta ɓace gaba ɗaya, sai teku shimfiɗe har tsibirin.

Hasnah ta dubi 'yarta.

"Takalmin ba komai ba ne, yarinya ce ke a lokacin. Shirun ne ya yi min ciwo. In na ce miki ya wuce yanzu, ƙarya na yi."

Sati shida ba ta yi wa Marlina doguwar magana ba. Tana dafa abinci, tana ajiye mata nata a rufe, ta shige ɗakin Hairul ta daɗe. Marlina ta daina jin ana kai ƙarar kowa ta bango, sai kuka mara sauti da istigfari.

Ranar wata Juma'a da hantsi Hasnah ta ce a kira mata Rizuan. Ya zo ya zauna a bakin tabarma, kansa a ƙasa. Ta shiga ciki ta fito da wani ƙunshi, ta warware a gabansa. Zanen ɗaura wa ango ne a ƙugu, saƙar hannu, shuɗi mai zaren zinariya, ko sau ɗaya ba a taɓa ɗaura shi ba.

"Na Along ne. Tun yana shekara ashirin na sa aka saƙa masa, yana ta yi min dariya wai ko budurwa ba shi da ita." Ta shafa zanen da tafin hannu. "Tashi tsaye in gani."

Ya miƙe. Ta kara masa a ƙugu, ta ja baya tana kallo.

"Tsawonku ɗaya," in ji ta. "Ka ce wa iyayenka su zo ranar Lahadi."

Marlina, da ke laɓe a bakin ƙofar kicin, ta sulale ƙasa ta rufe fuska. Hasnah ta juya ta buɗe mata hannuwa.

"Zo nan, ke kuma. Ya isa haka."