Sunan da Aka Hana Rubutawa

Kwana casa'in da tara ke nan Lamduan na fitowa bakin titi da sassafe, ƙafa ba takalmi, riƙe da kwandon shinkafa mai danƙo, tana jiran sufayen Buda su zo wucewa ta zuba musu sadaka. A yau ma kafin su iso, wata maƙwabciya ta sa ƙafa ta shure kwandon, shinkafar ta watse a ƙasa.

"Matar makashi! Da wannan hannun za ki ciyar da masu tsarki? Tir!"

Lamduan ta durƙusa tana tsince shinkafar, hawaye na ɗiga a kai. Kaico! Mijinta Prasit ne ya shiga kasuwar garinsu, Non Sawang, da bindiga ranar da aka kore shi daga aikin gadi, ya kashe mutum goma sha ɗaya, sannan ya kashe kansa. Mutanen gari kuwa goma suke ƙirgawa, don ta sha ɗayan Namfon ce, 'yar Lamduan mai shekara shida, wadda ta ruga da gudu tana kiran babanta... Uwar ta rasa miji, ta rasa 'ya, sannan gari ya haɗu ya ɗora mata laifin duka. An daina sayen miyarta, an watsa wa ƙofarta jan fenti, ko gaisuwa babu mai amsa mata. Wanda ya hura wutar kuwa yayan mijinta ne, Bunlert, mataimakin mai unguwa, mutumin da ya iya kuka a gaban jama'a kamar an murɗa famfo. Shi ya bi gida-gida yana cewa ita ta ɓoye bindigar a rumbunta.

Gobe ake addu'ar kwana ɗari. Za a rubuta sunayen mamata a takarda, sufaye su yi karatu, a ƙone ta, a tsiyaye ruwa don ladan ya isa gare su. Abin da Lamduan ke roƙo a duniya ke nan, kada 'yarta ta zama ita kaɗai ba a kira ba. Ta je ta zube a gaban Bunlert, don takardar na hannunsa.

"Yaya, ka dubi girman Buda. Namfon jininka ce, a cinyarka ta koyi zama. Suna ɗaya ne kawai..."

"Jinin wa? Tashi ki ba ni wuri, munafuka! In na ga ƙeyarki a haikali gobe, sai na sa an ja ki a ƙasa."

Duk da haka washegari ta je. Ta sa baƙaƙen kaya, ta zauna can waje gindin tsamiya da 'yar butarta ta tagulla, tana jin ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Da aka kai na goma aka yi shiru, sai ta toshe bakinta da gyale don kada kukanta ya ɓata musu addu'a.

"Saura ɗaya!"

Kowa ya waiga. Kaka Kham ce mai taliya, wadda harsashi ya fasa wa muƙamuƙi, aka ɗaure mata baki da waya wata uku a asibitin birni. Jiya aka dawo da ita, kuma Bunlert ya ɗauka ta gama magana har abada.

"Kai Bunlert, dube ni nan," ta faɗa da kyar, kowace kalma da ciwonta. "A bayan rumfata ka miƙa wa ƙanenka bindigarka a buhun shinkafa. Kana dariya ka ce, 'Je ka tsorata su.' Namfon kuma na gan ta ta riƙe maka ƙafa tana cewa kada ka ba shi, ka haure ta. Ƙarya nake?"

"Tsohuwa ce, ta ruɗe! Jama'a, ku..." in ji Bunlert. Takardar ta suɓuce daga hannunsa, ya juya zai fice, sai ya ci karo da 'yan sanda biyu da suka zo addu'ar. Da suka wuce da shi, ko matarsa ba ta ɗaga kai ba.

Babban sufin ya ɗauki takardar, ya sauko da kansa har gindin tsamiyar, ya ajiye alƙalami a gaban Lamduan.

"Rubuta, 'yata."

Ta rubuta Namfon. Aka cinna wa takardar wuta a cikin kwano, karatu ya tashi, ta fara tsiyaye ruwan a hankali don kada ya yanke. A al'adar garin, wanda bai zo da buta ba yakan taɓa gwiwar hannun mai zubawa, ya sami rabonsa na ladan. Lamduan ta ji yatsu a gwiwar hannunta. Maƙwabciyar nan ce da ta shure mata kwando, wadda ɗanta ne na huɗu a takardar. Ta bar tata butar cike a kan tabarma, tana kuka kamar ranta zai fita.

"Ki yafe mini... ki zuba har da nawa."

Lamduan ba ta janye hannunta ba. Ta ci gaba da zubawa, tana kiran sunaye goma sha ɗaya, har butar ta ƙare.